Mai Wankin Magana

Ku gyara zama, 'yan uwana masu karatu, musamman ke da kika rubuto min cewa na ji daɗina, wai aikina zama ne kawai a ƙarƙashin fanka ina sauraron mutane. Allah ya ba ki irinsa, baiwar Allah. Ki zauna a ƙarƙashin fankar na wata guda, sai mu ga ko za ki sake samun ƙarfin rubuto wa wani. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, ni ce jami'ar sauraron ƙorafi a wani babban asibiti. Duk wanda aka ɓata wa rai, majinyaci ne ko ma'aikaci, ƙofata ake nuna masa. A gida kuwa tun da na samu aikin sunana ya ɓata, kowa Alƙaliya yake ce min, har da jikokin Gwaggo da ba su iya share hancinsu ba.

Ofishina ɗakuna biyu ne da siririn lungu a tsakani. Kowane ɗaki da kujeru masu taurin tsiya, da gorar ruwan sanyi, da kwalin tishu, da wata fulawar roba da ta riga ni zuwa asibitin. Ƙa'idar aikin, kamar yadda Madam shugabarmu ta koya min tun makon farko, ba a haɗa masu fushi biyu da zafinsu. Wannan a ɗakin dama, wancan a na hagu, ni kuma ina kai-komo ina ɗaukar magana. Ƙarya haramun ce a wurinmu. Amma ba a kai magana da dauɗarta, sai an tsaya a lungun nan an wanke ta tas kafin a shiga ɗaya ɗakin.

Ga misali. Wani dattijo ya ce nas ta caka masa allura kamar tana huce haushin mijinta a kansa. Na shiga lungu, na wanke, na je na gaya wa nas cewa Baba ya ji zafi fiye da yadda ya zata, kuma zai so a riƙa yi masa bayani kafin a taɓa shi. Ita ta ce tsohon ya fi jariri raki, tun ba ta buɗe sirinji ba yake salati. Na koma na ce wa Baba ma'aikaciyar ta lura hankalinsa a tashe yake tun kafin a fara. Rana ba ta yi tsaka ba sai ga su a ɗaki ɗaya, yana ce mata 'yata, tana tambayarsa jikoki. Wannan haɗuwar ita ce matakin ƙarshe, kuma Madam ba ta wasa da ita. Takan ce komai daɗewa sai an haɗa su ido da ido, in ba haka ba ba sulhu aka yi ba, faɗan aka ɗaga zuwa wata rana. Sai wata doka kuma, wadda na fi kowa ƙwarewa a kanta: ra'ayinki ki bar shi a cikin jaka tare da man leɓe.

Kada ku ga ina tsiya ku zata ba na son aikin. Ina sonsa ƙwarai. Akwai daɗi ka ga mutum ya shigo yana huci, ya fita yana gyara hula yana neman hanyar kanti.

Matsalar ita ce Umma ta buɗe min reshe a gida ba tare da ta nemi izinina ba. Umma malamar makaranta ce a da. Ta ajiye alli shekarar da ta auri Abba, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in ta zo wucewa ta gaban makaranta sai ta rage sauri tana leƙen aji. Shi ya sa aikina ya zame mata abin ado. Duk wanda ya kawo mata kuka, amsarta ɗaya ce, a bari Alƙaliya ta dawo. Sai in dawo da yamma ƙafafuna sun kumbura a cikin takalmi, in tarar da Kawu a kan doguwar kujerar falo yana jirana da maganar maƙwabcinsa da bishiyarsa ke zubar masa da ganye ta kan katanga. In na gama da shi, ƙanwata Auta na bakin ƙofar ɗakina, wai ƙawarta ta sa hotonta ba ta tambaye ta ba, kuma hoton bai yi kyau ba, wanda shi ne ainihin laifin. Wayata kuwa ba a magana. Gwaggo, yayar Abba, ba ta san ana yin gajeren saƙon murya ba. Nata sai ka ɗora ruwan shayi ya tafasa, ka haɗa, ka sha rabi, ba ta gama gaisuwa ba.

A haka ciwon kai ya sa ni a gaba. Na zata idanu ne, na je shagon gwajin ido da ke kusa da asibitinmu, a nan na haɗu da wanda Umma ke kira yaron nan Mai Tabarau. Dogo ne, kullum cikin farar riga da ta sha guga, da turare mai sanyi, yana magana a hankali kamar akwai mai barci a ɗakin. Ya ɗora min wannan ƙaton ƙarfen a fuska yana sauya gilasai, yana tambayata wanne ya fi, wannan ko wancan. Na ce masa gaskiya kowanne da nasa amfanin. Ya sauke hannu ya yi dariya har da riƙe tebur, ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa ba shi wannan amsar ba. Da ya gama ya ce idanuna ƙalau suke, in je a auna jinina. Aka auna, likita ya dube ni ya dubi shekaruna a katin, ya ce hawan jini ne. Mai Tabarau ya kira ya ji sakamako. Washegari ma ya kira, wai ya ji ko na sha magani. Daga nan ku ma kun san inda aka dosa.

Ina sonsa. Na faɗa muku a fili don kada a ce ban faɗa ba. Ina son yadda yake goge gilashin motarsa kafin in shiga kamar zan ba shi maki, da yadda yake turo min saƙo kullum da safe: "Kin sha maganin? Kada ki ce min eh ɗin ofis." Kullum da yamma kuma sai ya kira. Zai ce ya aiki, ina jan numfashi in amsa, shi har ya shiga labarin matar da ta zauna a kan tabaraunta ta kawo tana rantsuwa da kansa ya karye, da mai shagon da ya ƙi gyara rufi, da ƙaninsa da ba ya jin magana. Ni kuma sai in gyara kwanciya in ce to, sai me ya faru. Yakan ce bai taɓa haɗuwa da mace mai sauraro irina ba, ni kuma har wani daɗi nake ji, sakarya.

Da maganar aure ta taso, kowa ya fito da sharaɗinsa, kuma kowa ni ya gaya wa.

Shi a mota ya faɗa, mun tsaya a danja, hannunsa a kan sitiyari. "In mun yi aure kin gama da wurin nan. Ba zan zuba ido ƙorafin mutane ya kashe min mata ba."

Umma kuma a kicin, tana yanka albasa ba ta ko ɗago ba. "Duk namijin da ya ce ki ajiye aiki, ki nuna masa ƙofa, ko da zinare aka ƙera shi. Ni na yi, na san ɗanɗanonsa."

To masu karatu, me kuke tsammani daga ƙwararriya irina? Ga mai ƙorafi a dama, ga mai ƙorafi a hagu. Na shiga wanki. Na gaya wa Umma cewa Mai Tabarau na matuƙar damuwa da wahalar da nake sha, burinsa in samu sauƙi bayan aure. Umma ta ji daɗi, ta fassara da kanta cewa zai riƙa kai ni ofis yana ɗauko ni, ƙila ma ya samo mai taya ni aikin gida. Shi kuma na ce masa Umma ta ce ba ta da burin da ya wuce ta gan ni cikin mutunci da kwanciyar hankali, kada in sha irin wahalar da ta sha. Ya lumshe ido ya ce ai ya san Umma mai fahimta ce. Ku duba da kyau, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ko Madam aka ba ta duba sai ta sa min hannu.

Wata da watanni ina wannan wankin, har suka shaƙu daga nesa. Umma na aika masa gaisuwa, shi ya yanka mata tabaran karatu mai ruwan zuma ya aiko a cikin 'yar jakarsa. In ya zo gaishe ta, ni ce a tsakiya da farantin shayi. A gaisa, a taɓa maganar zafi da tsadar rayuwa, da na ji hira ta doshi kalmar aiki sai in dubi agogon bango in tuna masa cewa hanya na cushewa. Na san akwai matakin ƙarshe. Ni da ke koyar da sababbin ma'aikata shi. Kullum sai in ce sai sun ƙara hucewa, alhali babu wanda ya yi zafi a cikinsu, ni ce dai nake tsoro. Na san ranar da suka ji maganar juna da dauɗarta, ko dai in rasa shi, ko in karya zuciyar Umma.

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na ci burin barci. Ko wanka ban yi niyyar yi da wuri ba. Ina cikin bargo Umma ta turo ƙofa ta ce in tashi in je gidan Gwaggo, ita da matar ɗanta sun kwana ba sa magana a kan wanda ya bar firij a buɗe har kifi ya lalace. Na zura doguwar riga ruwan toka, wadda ba ta buƙatar guga, na yafa baƙin mayafi, na saka silifas, fuskata ko hoda babu. A can na yi abin da na saba. Gwaggo a ɗakinta, matar ɗanta a kicin, ni a tsakani. Gwaggo ta ce yarinyar ba ta da tarbiyya, na kai cewa Gwaggo na so a riƙa shawara da ita. Yarinyar ta ce tsohuwar ta cika sa ido, na kai cewa tana jin nauyin Gwaggo har ba ta sakewa. A ƙarshe aka gano jikan Gwaggo ne ya buɗe firij ɗin yana neman ƙanƙara. Babu wanda ya ba ni ko ruwa.

Na dawo bayan azahar kaina na sarawa. Ina shan kwanar layinmu na hango farar motarsa a ƙofar gida, gilashinta na ƙyalli. Na duba waya, babu kiransa, babu saƙo.

Ashe bayan fitata hannun tabaran Umma ya kwance. Lambarsa kuwa na nan a buge a jikin ɗan ƙyallen goge gilashi da ke cikin jakar. Umma ta kira shi da kanta don ta tambayi inda ake gyarawa, shi kuma ɗan albarka ya ce ai ba sai ta fito ba, ga shi nan zuwa. Duk tsarin da na yi wata da watanni, ɗan ƙaramin noti ne ya warware shi.

Na yi sallama a ƙofar falo. Labulen a ɗage, fanka na juyawa a hankali. Umma na kan kujerarta ta kullum, sanye da tabaran, an gyara shi tsaf. Shi yana ƙasa a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa, ƙananan sukundirebobinsa a jere a kan hankici, ga shayi a gabansa ya yi fata a sama. Suka amsa sallamar tare, da murya iri ɗaya.

"Zauna, Alƙaliya," in ji Umma.

Daga baya Auta ta ba ni labarin yadda aka yi, don tana kicin tana wanke kofi ɗaya tun da ya shigo. Wai yana cikin ɗaure notin Umma ta shiga sa masa albarka, ta ce samarin yanzu ba kowa ke tsaya wa matarsa ta yi aiki ba. Shi kuma cikin ladabi ya ce ai shi ne da godiya, da ta amince in ajiye aikin saboda lafiyata. Auta ta ce shirun da ya biyo baya har ƙarar firij ana ji.

Na zauna a bakin kujera, na gyara mayafi, na ɗauko muryar ofis. Na ce ina ganin an samu 'yar rashin fahimta, kuma idan aka duba da kyau kowannensu alherina yake nema, don haka akwai matsaya a tsakani.

"Ni za ki yi wa aiki?" Umma ta ce. "Ni na haife ki."

Shi bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi ba. Ya ce ya ji abin da Umma ta faɗa da bakinta, ita ma ta ji nasa, ba su daidaita ba amma aƙalla kowa ya san inda ɗan uwansa ya tsaya. Sannan ya juyo ya dube ni sosai.

"Saura ke. Ke me kike so?"

Wallahi na leƙa cikina ban ga komai ba sai ra'ayoyin mutane a jere, kowanne a wanke a goge, nawa babu. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara a kan cinyata, saƙon muryar Gwaggo, dogo kamar kullum. Umma ta leƙo ta saman tabarau ta ce Gwaggonki ce, in mun gama ki saurara, ƙila maganar firij ɗin ce ta tashi. Shi kuma ya girgiza kai ya ce wa Umma ta ga irin abin da yake faɗa, aikin nan ya hana ni sakat, dubi idanuna.

A nan wani abu ya tsinke min.

"Ba ofis ke sa min ciwon kai ba," na ce. Muryar ma ban gane ta ba. "A ofis ana tashi. Akwai hutun cin abinci, akwai ranar da ba a zuwa, wani ma in an gama yakan ce ya gode. Ku ne ba kwa tashi."

Bakin kuma ya ƙi rufuwa. Na ce wa Umma tun da na fara aiki ban taɓa cire takalmi a gidan nan ban tarar da mai jirana ba, kuma yau Asabar daga cikin bargo ta tashe ni saboda kifi. Na juya gare shi.

"Kai kuma kullum sai ka ce ya aiki, ban amsa ba ka fara naka. Na san duk wanda ya ɓata maka rai a shagon nan, har launin tabaransa na sani. Ranar da wata mata ta rasa jaririnta ta zo ta yi kuka a kafaɗata, da ka kira labarin rufin shago ka ba ni. Aikina ina sonsa, ba don Umma ba, don kaina. Ba zan bar shi ba. Abin da nake so in dawo gida a ƙyale ni in zama mutum, ko a tambaye ni a jira amsa."

Da na yi shiru sai na ji kaina ya yi sakayau, ciwon ya tafi kamar an zare shi. Bayansa kuma tsoro ya shigo, irin wanda ban taɓa ji ba, don na san yadda magana marar wanki take yi wa mutane. Kullum ita nake tarewa a hanya.

Umma ta cire tabaran a hankali, ta naɗe, ta sa a jakarsa.

"Ashe nauyi muke," ta ce.

Ta miƙe ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Shi kuma ya tattara sukundirebobinsa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a hankicin, ya sa a aljihu. Ya tsaya a bakin ƙofar Umma ya ce Umma, ni na wuce, a huta lafiya. Ni ko kallona bai yi ba. Na ji ƙarar ƙofar gida, na ji tashin motar, na ji ta har ta sha kwana.

Na shiga ɗakina na zauna a bakin gado da mayafin a jikina. Hawaye na zuba, ban ma damu in share ba. Can wayar ta yi haske. Shi ne.

"Na tsaya a gefen titi, na kasa tuƙi. Ki gaya min gaskiya. Abin da kika faɗa har da ni, ko ɓacin rai ne ya sa kika haɗa?"

Ga ƙofa ya buɗe min da hannunsa. In na ce gajiya ce da ciwon kai, gobe da safe saƙon magani zai shigo kamar ba a yi komai ba, da yamma in sha labarin mai shago, mu ci gaba har a yi auren. Na iya irin wannan amsar, ko a barci aka tashe ni zan rubuta ta da kyau. Na fara ma, na yi layi biyu masu taushi, na karanta su, na goge.

Na rubuta: "Har da kai. Kuma ina sonka."

Na tura kafin in sake tunani. Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa ta daɗe, sannan ta ɓace. Har yanzu da nake rubuto muku wayar na gefena, na ƙure mata ƙara, ba ta ce komai ba.